Gimbiya Ta Ƙi Buɗe Baki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Na iso lafiya. Tashar binciken nan tana bakin tafki, babu sabis ko kaɗan, don haka sai dai ki riƙa ganin wasiƙa ta hannun direbanmu idan ya shigo gari.

Na gode da kika karɓi kifayena a shagon ɗinkinki har a gama gyaran rufin ɗakin bincikenmu. Na san kin yi dariya, amma ki saurare ni. Namijin da ke tankin dama daga rafi mai sanyi aka kamo kakanninsa. Macen da ke tankin hagu kuwa daga wani marmaro mai ɗumi, wanda yanzu ya ƙafe. Asalinsu ɗaya, amma akwai wani sinadari a hantarsu, mu muna ce masa enzayim, shi ke juya abinci ya zama ƙarfi. Na namijin yana aiki a cikin sanyi, na macen sai da ɗumi. Ina son in san yadda ya sauya, da yadda ake gadonsa, kuma ba zan sani ba sai sun haihu tare.

Shekaru ina haɗa shi da mata irinta, kullum shi sai cizo. Ya kashe mini mata, ita kaɗai ta rage. Shugaban sashenmu ya ce idan shekara ta ƙare babu 'ya'ya, a rufe aikin. Don Allah, Yaya, kada ki haɗa su, ko da wasa. Abinci kuma ɗan kaɗan, ba irin zubin da kike yi wa baƙi ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Uwar Kifaye,

Gaisuwarki ta iso, muna amsawa. Kowa lafiya, sai dai Baban yara da ya ce tun da aka kawo surukansa na ruwa ba a ƙara tambayarsa ko ya ci abinci ba.

Na sa musu suna. Shi Sarkin Fushi, don fuskarsa sak ta maigidan da ya dawo ya tarar ba a share gida ba. Ita kuma Gimbiya. Masu kawo ɗinki yanzu ba sa yi mini ƙorafin jinkiri, sai su ja kujera su zauna kallo. Wata ta tambaye ni wai nawa nake sayar da babban, na ce wannan ya fi ni da ke karatu.

To, ki zauna kafin ki karanta sauran. Tankin Sarkin Fushi ya tsage. Na buɗe shago da safe na tarar ruwa har ƙarƙashin keken ɗinki, shi kuma yana ta birgima a ɗan abin da ya rage. Bokitin da ke kusa duk omo ne. Ina zan kai shi? Na kwashe shi da murfin kula na jefa wajen Gimbiya. Kada ki yi ihu, ban bar su haka ba. Na yanki ragowar leshi na raba tankin biyu, na kama da maƙalan shanya. Yana ganinta, tana ganinsa, ba mai taɓa wani.

Haka suka zauna kusan mako biyu, yana ta iyo a jikin leshin kamar saurayi a ƙofar gida. Sai wata safiya na ga maƙali ɗaya ya faɗi, malam ya tsallaka. Na mayar da shi da sauri, kuma na duba jikinta, ba cizo.

Amma gaskiya hankalina a tashe yake. Tun ranar ta daina cin abinci. Haɓarta ta kumbura, ta koma bayan dutse ta rufe baki gam. Ina jin tsakuwa ta haɗiya. Idan ba ta sake ba zuwa Asabar, zan kamo ta in buɗe bakin da bayan allura in ciro. Na cire wa yara ƙaya a maƙogwaro, kifi ba zai gagare ni ba.

Ni dai na sha gaya miki, ki bar kifin nan ki nemi aikin mutane.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma ki yafe mini, yau a tsaye nake rubutu.

Kada ki taɓa ta! Ki ajiye allurar nan! Ba tsakuwa ba ce, ƙwai ne. Irinsu a baki uwa ke riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, shi ya sa ba ta ci. Idan kika tsorata ta da wuri, za ta haɗiye su ko ta zubar, kuma shi ke nan.

Da na karanta wasiƙarki na fara jin kamar in shaƙe ki, na kai tsakiya na fashe da kuka, na kai ƙarshe na rasa inda takalmina yake. Abokan aikina sun ɗauka rasuwa aka yi. Ni da gilashi nake raba su, ruwan kowa daban. Wataƙila leshin ya bar su sun saba da ƙanshin juna. Wataƙila kuma ɗumin shagon ne. Sai na gwada kafin in ce komai, amma ko ma mene ne, ki bar shi yadda yake.

Direba ya ce motar tana gareji, bai san ranar da zai taso ba. Ina ta addu'a ya riga Asabar. Yaya, duk abin da na yi a rayuwata yana cikin bakin nan.

Auta

Uwar Kifaye,

Gaisuwa. Direbanki ya iso ranar Lahadi.

Ranar Asabar na wanke hannu, na ɗauko allura, na sa Baban yara ya riƙe mini tocila. Ina kai hannu ruwan, sai ta buɗe bakin da kanta. Wasu 'yan ƙanana suka watso, ido ne kawai da wutsiya. Na saki ƙara, Baban yara ya saki tocila. Ita kuwa ko a jikinta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta mayar baki.

Suna nan lafiya, sun ƙi tsayawa a ƙirga su. Sarkin Fushi yana bayan leshi, na ƙara masa maƙalai.

Ki gaya wa shugaban naku ya zo barka. Maganar neman aikin mutane kuma na janye ta. Ki dawo ki duba hantar jikokina, amma a hankali.

Yayarki,
Kakar Kifaye