Katifar Inna da Tagar Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Auta ta gama jarrabawa, Inna kuma da sauƙi, illa ciwon bayan nan da ke hana ta barci.

Katifar da ka aiko mata ta iso ranar Talata. Kai ma dai Yaya, ka manta lungun ɗakin Inna ne? Abu ƙato, ga tauri, ko kaɗan ba ta lanƙwasuwa. Muka gwada ta a tsaye, muka gwada ta a kwance, ta cije a kwanar lungun. Maigidana ya yi gumi sharkaf. Babbar taga ce kawai ta rage, ita kuma ka san ƙarafunan da marigayi Baba ya ƙera mata da hannunsa. Da aka ambaci mai walda, Inna ta ce atafau, gara a mayar da katifar da a yanka aikin Baba. Raina ya ɓaci, don likita ya ce in ba ta canza shimfiɗa ba ciwon zai tsananta, amma na kasa musa mata.

Muna cikin haka Kawu kafinta ya zo. Ya kankare fentin gefen tagar da wuƙa, sai ga noti huɗu. Ashe Baba ɗaure ƙarafunan ya yi ta ciki. Kawu ya kwance su da sifana, na waje suka tura, mu na ciki muka ja, katifa ta shige sumul.

Inna ta dubi tagar, ta dubi ƙaton kabad ɗinta, ta yi dariya har da hawaye. Wai shekara talatin tana tambayar Baba ta ina ya shigo da shi ranar da ta je unguwa, yana ce mata kabad ɗin da ƙafarsa ya shigo.

An mayar da ƙarafunan yadda suke. Kwana uku ke nan tana barci lafiya. Na ce zan shafe wurin da fenti, ta ce in bari, tana son ta riƙa ganin notin.

Ka gaishe mini da Anti da yara. Inna, Kawu da Auta suna gaishe ka.

Taka,
Ƙanwarka