Ƙanin Mijina Ya Yi Wa 'Yata Bilicin A Littafina

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai raba gida biyu, domin wallahi zuciyata tafasa take yi.

Ni malamar firamare ce, ina kuma rubuta littattafan yara. 'Yata ta fari baƙa ce wuluk, kyakkyawa, amma 'yan ajinsu sun sa ta gaba, wai gawayi. Duk littafin da na sayo mata, yaran ciki farare ne masu gashi har gadon baya. Shi ne na zauna na rubuta labarin wata yarinya mai gyaran keke, na yi ta kamar 'yata sak, har wushiryar. Na yi mata alkawarin za ta ga kanta a littafi, ita kuma ta bi ta gaya wa kowa a makaranta.

Zanen na ba ƙanin mijina, tunda sana'arsa ce, na ce gara na gida. Hoton 'yar tawa ma na miƙa masa a hannu. Da ya kawo samfuri in duba, baƙi da fari ya buga shi, ni kuma na duƙufa kan gyaran rubutu, na sa hannu. Ranar da kwalaye suka iso, ni da ita muka buɗe a falo. Anti, bilicin bawan Allahn nan ya yi wa 'yata! Fara tas, gashi a kwance, hanci kamar biro. Yarinyar nan ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Cewa ta yi ai wannan ta fi ta kyau. Jiya na kama ta tana dirzar kumatunta da soson wanke-wanke.

Da na tare shi, dariya ya yi, wai wasan ƙanin miji, ya ce farar yarinya ce ke sayar da littafi, taimakona ya yi. Mijina kuwa ban da ki yi haƙuri ba abin da ya iya.

To na rubuta sabon labari. Mugun da ke cikin labarin ƙadangare ne mai sanƙo da in'ina, maganarsa irin ta ƙanin mijin nawa sak. Zan karanta shi a taron makaranta, inda ɗansa yake aji uku, uban ya ji in wasa da daɗi. So nake ya ji kunyar fita ƙofar gida. Na yi laifi?

Uwar Baƙar Yarinya

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya. Abin da ya yi cin amana ne, kuma hujjarsa ta fi laifin muni. Amma ke ma ki ɗauki naki: littafin yara rabinsa zane ne, ba a sa hannu a kan launin da ba a gani ba.

Ƙadangaren nan kuwa, ki ajiye shi. Ƙanin mijinki ba ya aji uku. Ɗansa ne zai zauna ana nuna shi, da duk wani yaro mai in'ina a wurin. Ke da kika san zafin sunan tsokana, kada ki miƙa wa yara wani sabo da hannunki.

In ramuwa kike so, ga wadda za ta yi masa ciwo. Kada littafi ɗaya ya fita daga kwalayen nan. Mijinki ya zaunar da ƙaninsa ya sake launin. In ya ƙi, ki ba wani mai zanen, ki cire sunansa daga bango. Masu ɗab'i za su tambayi dalili, ki faɗa musu gaskiya ba ƙarin gishiri.

Amma yau ɗin nan, ki zaunar da 'yarki ki gaya mata baffanta ne ya yi kuskure, fatarta ba ta da aibi. Ranar sake launin ki tafi da ita, ita za ta ce ya yi ko bai yi ba. Ita aka yi wa laifi, kuma a duk bayaninki ban ga wanda ya ba ta haƙuri ba. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya raya mana ita.