Takalman da ke Ƙofar Ɗakin Talata

Zuwa ga Shugaban Asibitin Unguwarmu,
Dutse, Jihar Jigawa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, da iyali, da ma'aikatanka baki ɗaya, da fatan aiki da sauƙi.

Ni tsohuwa ce a Yalwawa, asalina 'yar Aujara. Ina da jika, magidanci, mai gyaran babura, wanda nake kira Angona tun yana rarrafe. Sunansa ba zai shiga takardar nan ba. Angon nawa ya jarabtu da giya, ya daɗe yana ɓoye ta a bayan shago cikin galan ɗin man inji, har ranar da ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa ya ce ya gaji, in taimake shi. A kansa nake rubuto maka.

Na ɗaya, neman wurin. An ce mana asibitinka yana da zama na masu son rabuwa da sha. Shi kunya ta hana shi tambaya, sai na yafa mayafina na tafi. Mai yankan kati ya tura ni wurin mai ba da magani, shi kuma ya tura ni wurin wata nas. Ita ce ta ɗaga murya daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, wai ina ake kai masu shan giya, ga wata Hajiya tana nema. Har yau in na ce kaina yana ciwo a gidan suna, sai mata su kalli juna. Wannan na yafe. A shekaruna, a ce ina da abin ɓoyewa ma ai ƙarin daraja ne.

Na biyu, ranar. Kun sa zaman Talata da safe, ranar awon ciki, kuma bencin masu awo yana fuskantar ƙofar ɗakin. Kai likita ne, ka fi ni sanin mai ciki da ke jiran layi ba ta da aiki sai kallo.

Na uku, kuma shi ne babba: takalma. An shimfiɗa tabarma a ɗakin, ɗan mutunci kuwa ba ya taka tabarma da takalmi. Jami'inku mai jagorantar zaman yana rufe ƙofa, ya saki labule, ya yi musu alkawarin abin da aka faɗa a ciki ba zai fita ba. Allah ya sani yana cika alkawari. Amma takalmansu suna waje a jere, kamar an kira suna. A unguwarmu ana gane takalmin mutum kafin fuskarsa, don a ƙofar masallaci da ƙofar zaure muka saba ganinsa. Silifas ɗin Angona kuwa ba shi da na biyu a Dutse: shuɗi ne, baƙin mai ya rine shi, an ɗaure igiyarsa da wayar burki. Kafin ya iso gida labari ya riga shi, har ya sha ruwa ya huta.

Da mako ya zagayo na ce bari in yi dabara. Maƙwabcinmu ladan ya manta takalminsa a zaurenmu, sai na ba Angona ya sa. Ban tuna duk unguwa tana ganin takalmin nan kowace salla ba. Bawan Allah da ko shayi mai kauri ba ya sha, sai ga mutane suna tare shi a hanya suna cewa Allah ya yaye masa, shi kuma yana ta amsa amin bai san me ake yaye masa ba. Na je na wanke shi a wurin matarsa, amma rabin alhakin nan na asibitinka ne.

Ranka ya daɗe, kada wasan bakina ya rufe maka ido. Tun da yaron nan ya fara zuwa bai sha ba. Hannunsa ya rage rawa, yana cinye tuwonsa, 'yarsa ta daina shiga bayan ƙofa in ta ji ƙarar babur ɗinsa. Ya ce a ɗakin nan ne ya fara faɗin abin da ke cinsa ba a tare shi da faɗa ba. Talatar da ta wuce ya ƙi zuwa. Ya ce lokacin da yake sha babu wanda ya sani, sai da ya tashi bari aka san shi mashayi ne. Na je da kaina na leƙa ƙofar, takalman sun ragu sosai, kuma ba warkewa masu su suka yi ba.

Roƙona ba shi da yawa. A sa kwando ko kwali a cikin ɗakin, kowa ya shiga da takalminsa a hannu. A raba ranar da ta awo, in ya gagara a juya bencin ya kalli bishiya. A kuma ware mutum ɗaya mai ƙaramar murya wanda za a riƙa tambaya.

Kafin ka yi shawara da manyanka, Talata mai zuwa zan kawo shi, ko da kunnensa zan ja. Zan zo da buhu in kwashe takalman kowa, in zauna a kai har a tashi. In ka ga tsohuwa a kan buhu a barandarka, ka ce kada a kore ta, aiki take yi muku.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya rufa maka asiri kamar yadda muke roƙon ka rufa wa 'ya'yanmu.

Wassalam.

Kakar mai shuɗin silifas,
Yalwawa, Dutse.