Shekara Biyun da Na Ɓoye wa Ishatu

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga ɗana Kailani, ma'aikacin reluwe a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka, ya tsare ku daga zazzaɓin ƙasar ruwa. Yau shekara tara ke nan da 'yan watanni tun ranar da jirgi ya sauke ku a tashar Zariya kuna dawowa daga yaƙin Bama, ranar da aka tattake wa Nagoda wanzami zabirarsa wurin turereniya. Daga nan nake ƙirge, don ni ban san kwanan watan Bature ba, Malam Labaran da yake rubuta mini ya sa shi in ya ga dama. Mu nan lafiya lau. Dawa ta shiga rumbu, gwaggonka ta taka ƙafarta, ni dai gwiwa ce take hana ni sujada yadda nake so.

Maganar 'yarka Ishatu ce ta sa na zauna gaban mai alƙalami. Ka san tun da ta gama makaranta take zuwa asibiti tana taya Nas Victoria naɗe bandeji da tafasa allura. To, bana an buɗe koyon aikin nas ga 'yan mata, mutum shida kacal za a ɗauka. Ta zauna jarrabawa da su talatin da wani abu, ta zo ta biyu. Ta ce shekara uku za su yi suna koyo a gefen gadon marasa lafiya, ba a kan benci ba: gyaran shimfiɗa, awon zafin jiki, wankin miki, juya wanda ba ya iya juyawa. In ta ci jarrabawar ƙarshe tana so ta wuce Kaduna ta ƙara na ungozoma, har tana ambaton Badun bayan wannan. Na ce mata ta fara hawa jakin tukuna kafin ta yi zancen jirgi, amma a raina na ji daɗi. Ba ta manta yadda uwarta ta tafi wurin haihuwa ba, ni ma ban manta ba. Har an gwada ta za a ɗinka mata farar riga.

Ran Litinin ta makon jiya Sista, Baturiyar da ke shugabantar su, ta kira ta, ta ce akwai matsala. Doka ita ce ba a ɗaukar wadda ba ta cika sha takwas ba, takardar makarantar Ishatu kuwa sha shida ta nuna. Euphemia 'yar Nkolika mai shagon gishiri, ƙawarta, ta kawo takardar cocinsu mai rana da wata, an wuce da ita nan take. Mu kuwa me muke da shi? Sista ta ba mu zuwa Alhamis ɗin nan, jibi ke nan. In ba a kawo shaida ba, za a ba wadda ta zo ta bakwai gurbinta, kuma ba wanda ya san ko za a sake ɗauka baɗi.

Na ɗauki sandata na tafi asibitin da kaina. Na faɗa wa Nas Victoria ta juya wa Sista cewa an haifi yarinyar nan ran goma ga azumi, ana yankan dawa, damina biyu kafin a fara yaƙin Hitila, shekarar da gobara ta ci rumfunan masu auduga a bakin kasuwarmu. Na ce ni ne Gwadabe, wanda alƙali yake aiko wa in an yi gardamar iyakar gona, wanda mai unguwa yake tambaya wa ya girmi wa, kuma ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Sista ta saurara har na gama, ba ta raina ni ba. Sai ta ce ta yarda ina da ƙwaƙwalwa, amma ba za ta iya manna ƙwaƙwalwata a cikin fayil ba. Ta ce in kawo rantsuwa daga gaban alƙali, da takarda daga malamin da ya rubuta rajista mai bayyana yadda aka yi shekara biyu suka ɓata.

Kailani, a nan ne maganar ta yi mini nauyi, kuma gara ka ji daga bakina. Ka tuna kana soja ka aiko cewa da zarar ta kai shida a sa ta boko? Na sa aka amsa maka cewa an sa ta. Ba a sa ba. Lokacin kana can bayan teku, uwarta ta rasu, ita kaɗai nake gani in ga kamanninka, kuma ana ta cewa 'yan boko ba sa dawowa gida da hankalin da suka tafi da shi. Ka san yadda ake awon yara: yaro ya ɗora hannu bisa ka, in ya kamo kunnen ɗaya gefen, ya isa makaranta. Da Malam Ernest ya zo unguwa da rajistarsa, na ja ta bayan rumbu na koya mata ta noƙe kafaɗa, ta tsayar da yatsu a bisa kunnen kada ta taɓa. Na ce wa malamin shekararta huɗu, ya rubuta. Da shekara ta kewayo muka sake, ya rubuta biyar. Sai da na ji kuna shirin dawowa na kai ta da gudu, ya rubuta shida, alhali tana da takwas. Ƙaramin jiki gare ta, ba wanda ya yi shakka. Ka dawo ka same ta da allo, ka gode mini, na karɓi godiyar.

Jiya na je gidan Malam Ernest. Ya bar koyarwa, idonsa ya yi rauni, amma ya gane muryata tun daga zaure. Ya ce shi ba zai rubuta cewa littafinsa ya yi kuskure ba, don abin da aka faɗa masa ya rubuta. Ya ce shekara talatin yana riƙe da rajista, ba zai ɓata ta da hannunsa ranar tsufa ba. Amma in na tsaya gaban alƙali na faɗi wanda ya ba shi lissafin, kafin azahar zai rubuta wa Sista. Na yi masa faɗa, na ce ashe takarda ta fi masa 'yar mutane. Ya ce a'a, Malam Gwadabe, tambayar da zan yi maka ke nan, sai dai ni cewa zan yi, ashe sunanka ya fi maka jikarka. Na fito ban yi masa sallama ba.

Nagoda, wanda shi ya yi mata askin suna kuma shi zai tsaya mini shaida, ya same ni a dakali yana dariya. Ya ce ashe rumbun tarihin Tudun Wada ma akwai gara a ciki. Na ce ya ji da askarsa da ta daina cin gashi sai kunne. Da ya gama tsiyarsa ya matso ya ce in ce wa alƙali malamin ne bai ji da kyau ba, wa zai tsaya bincike a kan tsoho mai ciwon ido? Ya ce in na faɗi gaskiya, duk wanda na taɓa kayar wa da shari'ar gona zai taso ya ce da ma maƙaryaci ne, kuma ba mai sake aiko mini. Ba zan ɓoye maka ba, na auna maganarsa, ta kwanta mini.

Da la'asar Ishatu ta kawo mini ruwan alwala. Tun ran Litinin ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ce mini komai ba, ni kuwa na ɗauka ta manta abin da na koya mata bayan rumbu, don lokacin tana ƙarama. Ta ajiye buta, ta durƙusa, ta ɗora hannu bisa kanta ta kama kunnenta, ta riƙe tana kallon ƙasa. Ta ce, Baba Tsoho, tun ran farko yana kaiwa. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na daɗe ban iya ɗaga butar ba.

Ga takardar amincewar uba na sa a ciki. Ka sa hannu ka ba gadin jirgin da ke hawowa, kada ka jira gidan waya. Sista ta ce wannan za ta iya jira, rantsuwar ce ba ta jira. In kana da faɗan da za ka yi mini, ka rubuto, zan sa a karanta mini har ƙarshe ba zan katse ba. Ka gai da matarka da yara, ka gai da Malam Kato abokin aikinka. Gwaggonka tana gaishe ka, Nagoda ma, Malam Labaran kuma ya ce in ce maka alƙalaminsa ya tsaya sau biyu, ni na ce ya ci gaba.

Gobe in Allah ya kai mu, in na idar da asuba zan sa babbar rigata, wadda nake sawa in za ni shaidar gona. Zan biya in yi wa Malam Ernest sallamar da na hana shi, in riƙo hannunsa mu tafi. Zan zauna gaban alƙali a inda na saba zama, in faɗi ranar da aka haifi Ishatu, sannan in faɗi wanda ya koya mata noƙe kafaɗa. Na ce mata ta tafi wurin tela ta karɓo rigarta.

Ni ne mahaifinka,
Gwadabe.