Jan Layin da Na Miƙar

Laraba, bayan isha'i, Gyadi-Gyadi

Yau na yi fentin ɗakin sukwash na gidan Alhaji a Tarauni, inda suke buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango. Na tarar jan layin bangon gefe a karkace, tsayinsa ƙafa goma sha biyar a gaba, bakwai a baya. Na ce wane ɗan koyo ne ya yi wannan? Na ja igiya na miƙar da shi sarai.

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Habu, hannunka da kyau, amma da gangan ake gangaro da shi. Dokar wasan ce."

Shekara ashirin ina gyara karkataccen layin wasu. Gobe zan koma in karkatar da nawa, har da awo.