Ɗakin da Sifaniyanci Ya Ajiye So

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake nema idan rana ta take, ruwan randar da ba ya ginsa, ɗalibata ta farko wadda ba ta taɓa zama a benci ba!

Gaisuwa mai tarin yawa, da begen da ya fi ƙarfin alƙalami. Ya ke ma'abociyar allura da zare, akwai tambayar da kika taɓa jefo mini, kuma yau ta hana ni sakat.

Kin tuna kafin a ɗauke ni aiki a cibiyar koyar da harsuna? Ba ni da aji, ba ni da allo, sai bayan ƙofar shagonki da allin da kike zana yadi da shi. Ina gwada darasin Sifaniyanci, keken ɗinki yana amsa mini, ke kuma da tsinin allura a leɓe kina gyara mini tsayuwa: "Malam, daina yi wa ƙofa magana, ɗaliban suna bayanka." Wayyo, wane mai koyarwa ne ya taɓa samun mai duba aiki irinki?

A nan ne na bayyana miki cewa harshen yana da kalmomi biyu na kasancewa. Ser ta abin da ba ya sauyawa ce, kamar a ce ni ɗan Adam ne. Estar kuwa ta halin da ke zuwa ya wuce, irin gajiya da ciwo da fushi. Sai kika ɗage ƙafa daga keke kika ce, "To so fa, a wane ɗaki suka ajiye shi?" Na sosa ƙeya na ce wajen estar. Kika yi dariya har zaren ya tsinke: "Ashe su ma sun san halin maza! So da gajiya ɗakinsu ɗaya."

Ranar nan na taya ki dariya. Amma da aka ba ni gurbin ƙaro karatun koyarwa a ƙasa mai nisa, na ce ki yarda manyana su zo wajen Baba kafin in tashi, sai kika sunkuyar da kai kan ɗinkinki kika ce, "Je ka ka dawo tukuna, mu ga ko estar ɗin ta wuce." Wallahi maganar nan ta soke ni. Na fita ina murmushi, amma zuciyata kuka take.

Shi ya sa na shiga bin diddigi. Me ya sa mutanen da suka cika duniya da waƙoƙin ƙauna za su haɗa so da ciwon kai? Ko ba su san shi ba ne? Ko ni ne ban san harshen ba? Na tono littattafai, na dami tsohuwar malamar da ta koya mini harshen har ta ce in bar ta ta sha shayinta. Ga abin mamakin da na samo, hasken raina. Idan za su faɗi inda dutse yake, da estar suke faɗa. Yaushe dutse ya taɓa yin ƙaura? Inda kogi yake kwance, estar. Har wanda ya rasu ma da estar suke ambatonsa, alhali babu wanda ya taɓa dawowa ya ce ya canja ra'ayi. Malamar ta ce asalin kalmar daga tsayuwa take. Ashe ba kalmar wucewa kawai ba ce, kalma ce ta inda mutum ya tsaya!

Sai na ga ai mu ma muna da ita a bakinmu. In kika leƙo kika ce, "Kana nan?" me nake cewa? Ina nan. Da wannan nake koyar da darasin yanzu, kuma ɗaliban da a da suke zare mini ido sun fara gyaɗa kai. Shugabar cibiya ta tambaye ni inda na samo dabarar, na ce wata mai ɗinki ce ta tilasta mini.

Tauraruwata, tafiyar nan ita ce tsanin aikin da muka fara tare a bayan ƙofa, ba zan ɓoye miki ina son ta ba. Amma me zan yi da takardar shaida in na dawo na tarar da wani a kan kujerar da ke gefen kekenki? Wa zan kai wa sabuwar kalma in na tsinto ta? Wa zai yi mini tambayar da babu ita a littafi? Ina jin tsoro, kuma ban ji kunyar faɗa miki ba. Don Allah ki ba ni izini manyana su zo. Ki ɗaure ni da zarenki kafin in tafi, na san ɗinkinki ba ya warwarewa.

Mutanen nan ba su yi kuskure ba, masoyiyata. So wuri ne, kuma tun ranar da zaren nan ya tsinke na tsaya a cikinsa. Ko teku nawa ne ya shiga tsakaninmu, duk ranar da kika leƙo kika tambaya, amsar ɗaya ce. Su suna cewa estoy, daga estar ɗin nan.

Ina nan.

Naki, wanda ya tsaya bai gusa ba,
Malamin bayan ƙofa.