Kar Wanda Ya Gyara Ƙafar Komin Nan

Nine ubanku kafinta, da hannuna nake rubuta wannan akan bencin shago. Hankalina garau, yafi na likitan da yace wai in dena ɗaga katako. Ƙafa ta kumbura, numfashi sai na lallaɓashi, nasan bazan ga Kirsimetin bana ba. Wanda yaga rubutun kamar kaza tayi tono yayi haƙuri, da zarto aka sanni ba da biro ba.

Na ɗaya. Shago da kayan aiki na Babba ne. Guduma mai baƙar ƙota ta Auta ce, tafi yayanta iya riƙeta, shima ya sani.

Na biyu, wanda shi yasa na ɗauki biro. Shekara talatin da ɗaya ina shirya 'yan sa kai na coci masu koyawa yara labarin haihuwar Yesu. Ba wanda ya kamo ƙafata, fasto ma bai taɓa gwadawa ba, yasan kansa. Bana da na kwanta sai dattawa suka ɗauko wata Madam mai satifiket. Asabar ɗin da ta wuce na ja jiki naje ajin, na zauna akan ƙaramin bencin yara kamar yadda na saba, don ni haka nake horo, in zama yaro in addabesu. Na tambaya me jakin da ya ɗauko uwar Yesu yaci a hanya. Na tambaya wa ya kwashe kashin shanu kafin a kwantar da jariri. Na tambaya me ya hana mai masauki bada nasa ɗakin. Manya goma, masu gemu da masu jakar hannu, kowa ya tsurawa takarda ido kamar amsar zata yi tsalle ta fito. Madam tace wai baya cikin darasi. Wani mai nakatayi ɗaure a wuya daga 'yan waƙa yace in yi shiru. Ni! Waɗannan za'a damƙawa yara arba'in? Ko akuya ɗaya bazan basu tsaro ba.

Na uku. Komin dabbobin da muke kwantar da 'yar tsana a ciki a matsayin jaririn ranar wasan kwaikwayon Kirsimeti. Madam tace yana girgiɗi, a jefar a sayo na roba, kuma bana yara masu tsabta da natsuwa kawai zasu hau gaba. Kai kuma Babba, ɗan cikina, ka zaro tef ka auna, kace ƙafa ɗaya ta gaza da yatsa biyu, zaka gyara bayan Baba. Najika, ƙafa ce ta kumbura ba kunne ba. Ni da na yiwa cocin nan ƙofar da shekara ashirin bata yi ƙara ba, nine zan kasa auna ƙafa huɗu? Da gangan na yanke. In komi yana girgiɗi dole wani ya durƙusa ya riƙe tun daga farkon wasa har ƙarshe. Aikin nan kuwa yaron da kowa ya gaji dashi nake ba, mai cizo, mai shuri, wanda ake korawa waje kowace Lahadi. Sai in raɗa masa a kunne cewa in ya saki, jariri zai faɗi ƙasa. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Madam ta duba satifiket ɗinta ko akwai wannan.

Na huɗu. Horon 'yan sa kai na barwa Auta, fasto ya yarda, na riga na tsareshi. Nasan ta dena koyarwa tunda akace bakinta bashi da birki, kuma nasan ku biyun baku gaisawa tun taron da Babba ya goyi bayan Madam. Ku gama wannan shirmen kafin a rufeni. Auta tayi shekara uku tana riƙe komin nan. Kai Babba kaine na farko, shekarar da ka ciji ɗan fasto a kunne, kai da yanzu kake dattijon coci kana tafiya kamar ka haɗiye katako. Dominka na yanke ƙafar. Saboda haka da kanka zaka ɗauki komin a kai ka kaiwa ƙanwarka aji. Ke kuma ki hau ƙaramin benci ki gasasu. Wanda ya jure Asabar uku a bashi yara, sauran suje jera kujeru.

Na biyar. Rawanin gwangwani na sarki Hiridus mai kashe jarirai, wanda na sha sawa a wasan har iyaye mata suna ɓoye jarirai, a ba mai nakatayi. Baya buƙatar gwaji.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, masu natsuwa da masu cizon, musamman masu cizon. Kar ku watse. Gidan nan ma ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, tun da uwarku ta rasu nike durƙushe ina riƙe. Gwiwata ta gaji, zan saki. Ɗayanku ya durƙusa.